Ɗiyar Fari a Takardar Ilu

A 1957 aka ba ni teburi a bakin tashar Dutsin-Ma, in riƙa rubuta masu tafiya hajji ta ƙasa. An lura yara na tafiya ba sa dawowa. Dabarar mugayen ba wuya: yaro ya ci tuwon hanya na 'yan watanni, a sayar da shi bayan an haye teku, kuɗinsa ya maido mutum gida har da tsaraba. Sai aka kafa doka, yaro ba ya tafiya sai da wanda ya haife shi.

Wata Laraba wani Ilu ya zo daga Wurma riƙe da Sauda, 'yar shekara takwas, 'yan rakiya na biye.

"Ɗiyar wa?" na tambaya.

"Tawa ce, Malam."

Ban yarda da idonsa ba. Na hango wata mata bayan tsofaffi, goshinsu ɗaya sak da yarinyar. Yahanasu ke nan, matar ƙanen Ilu. Mijin na cin rani, Ilu ya ce musu zai kai yarinyar ta samo albarka.

"Baiwar Allah, ke kika haife ta?"

Kaico! A gaban surukanta na yi mata wannan tambaya, ni da na san mace ba ta ko kama sunan ɗiyar fari, balle ta ce tata ce. Ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai.

"Ni ba ni da ɗiya. Tasu ce."

Tsofaffi suka yi murmushi, wai ga tarbiyya. Direba na ta danna oda. Na buga hatimi, kuma wallahi har yau ina jin haushin kaina.

Bayan shekara biyu Ilu ya dawo da haƙorin zinari, ya buɗe shago a Kurfi. Sauda fa? Wai zazzaɓi ya ɗauke ta a Sudan. Ƙarya tsagwaronta, amma wa ya gani?

A 1963 Yahanasu ta kawo mini maƙwabciyarta Hajiya Tani, wadda ta sauko daga hajji, in rubuta musu ƙara. Tani ta ga Sauda a Jidda tana ɗiban ruwa ma wani gida.

"An ce an 'yanta bayi a can, Malam. Na ce ta biyo ni, ni zan biya jirgi. Na ce uwarta na kuka a Wurma."

Yahanasu ta matso. "Hajiya, wannan ba ki gaya mani ba. Sai ta ce mi?"

Tani ta juyo ta dube ta.

"Ta ce in matsa ta ɗauki tulunta. Ta ce ita ba ta da uwa a Wurma, a gabanta aka faɗa."