Gidan da Jan Ɗigo Ya Tsallake

A ofishinmu na kula da lafiyar birni Mai Taswira muke ce masa, domin shi ke zaune gaban babban allon kwamfuta mai nuna unguwanni. Duk asibitin da ya karɓi mai amai da gudawa sai ya turo adireshi, shi kuma ya ɗiga ja a kan gidan. Aikinsa ya iya, amma bakinsa ba ya shiru. Da ɗigo ya taru a wata unguwa sai ya karkace hula ya ce, "Mutanenmu ke nan, ƙazanta kamar gadonta suka yi." Teburina na jikin nasa, na ji wannan waƙa har ta ishe ni.

Bayan wani ruwan sama da ya yi ɓarna, ɗigo ya fara taruwa wuri guda. Shugabar sashe ta tara mu gaban allon ta ce ya faɗaɗa wurin. Ja ya yi zobe, gida bayan gida, sai gida ɗaya fari tas a tsakiya.

"Wannan fa, kango ne?" in ji shugaba.

Mai Taswira ya ce, "Gidana ne, ranki ya daɗe."

Nan kowa ya tuna da famfonsa, don ba wanda bai sha labarin ba. Da mahaifinsa ya rasu ya haƙa rijiyar burtsatse, ya fito da famfo ta katanga, maƙwabta na ɗiba kyauta, don ladan ya kai ga marigayin.

"Alhamdu lillahi, iyalinka sun tsira," ta ce. "Su ma ruwan famfon suke sha?"

"A'a. Na gora nake saya musu. Wannan wanki muke yi da shi."

"Ka taɓa kawo shi an gwada?"

Ɗakin gwajin ruwa kuwa ga shi nan yana kallon teburinsa. Na ɗauka zan ji daɗi ranar da bakinsa zai mutu, sai ga shi ni kunya ta kama, na rasa inda zan sa idona.

Shugaba ta ce a ɗebo ruwan a gwada, a kuma rufe famfon har sakamako ya fito. Ta ce ba sai ya bi mu ba. Ya ce zai je.

Da azahar muka isa, jarkoki sun yi layi a jikin katanga. Mai gwaji ya leƙa bayan gida ya dawo ya raɗa min cewa rijiyar na dab da ramin masai, ramin kuma ya cika ya tumbatsa. Muna tsaye sai wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta taso daga layi. Jikarta na kwance asibiti ana ƙara mata ruwa, shi da kansa ya ɗiga jan gidansu.

"Ɗana, sannu da zuwa," ta ce. "Kai kam alherinka ne ya tsare maka gida. Dubi yadda kake gumi." Ta tara kofinta a famfon ta cika, ta miƙa masa. "Sha."

Ya karɓa da hannu biyu ya tsaya riƙe da shi. Duk layin na kallo.

"Iya, rufe shi muka zo yi," ya ce, da ƙyar ake jin muryarsa. "Muna zaton ruwan ne ke sa ciwon. Wallahi ban sani ba."

Ƙofar gidansa a buɗe take, ga gorunan ruwa an jera a zaure har kusa da taga. Tsohuwar ta dube su, ta dubi kofin da ke hannunsa.

"Na yarda ba ka sani ba, ɗana," ta ce. "To me ya hana ku sha?"

Ta karɓi kofinta ta zubar, ta ɗauki jarkarta babu komai a ciki.