Karen da Ya Ƙi Gadin Tumaki

Kakanmu yakan ce alabai, karen makiyayan ƙasarmu, ya girmi duk rijiyoyin hamadar Garagum, kuma dokarsa ɗaya ce: kwikwiyo ya tashi cikin tumaki, kada hannun mutum ya shafa shi. Warin da ya fara sabawa da shi, shi zai tsare har ya mutu.

Ni kuwa, ranar da aka datse wa kwikwiyonmu Yolbars kunnuwa da wutsiya don kada kyarkeci ya sami abin kamawa, kukansa ya hana ni shan shayi. Na cusa shi cikin rigar sanyina. Da ya yi shiru, na bar shi a ciki.

Yau ga shi kamar ɗan maraƙi, ƙeyarsa ta fi cinyata kauri, kuma abu ɗaya yake gadi a duniya: ni, Ataguli, mai ciwon gwiwa. Ranar da kyarkeci ya ɗauke mana 'yan raguna biyu, Yolbars na ƙofar makewayi yana jirana.

Washegari da hantsi wana Hojamirat ya iso, bindiga a kafaɗa.

"Kare mai cin tuwon banza. Kira shi bayan tudu."

"Yaya, gadi yake yi."

"Gadin me? Kai wa zai sace? Kyarkecin ma sai ya tofar."

"Sai dai ka fara da ni."

"Kada ka ba ni sha'awa. Garken nan rabinsa nawa ne, kuma ba ni da ragunan sadaka."

Na shiga ɗaki, na naɗe shimfiɗata, na ɗauki butar shayi, na nufi shingen tumaki. Matata Ogulnur ta leƙo.

"Ina kuma za ka, malam?"

"Ƙaura. Tunda inda nake yake tsarewa, ni zan koma inda ake buƙatarsa."

"To abincinka fa, shinkafar palau ko ciyawa?"

Na baza shimfiɗar a tsakiyar kashin tumaki, na harɗe kamar mai karɓar baƙi.

"Har yaushe?" in ji Hojamirat.

"Alabai yakan yi shekara goma sha wani abu. Gwiwata ce ban sani ba."

Yolbars ya tsallake shingen, ya shinshine ni, ya kwanta a bakin ƙofa yana fuskantar tuddai, tumaki duka a bayansa. Hojamirat ya daɗe yana kallonmu. Ya yi tsaki, ya jingine bindigar.

"Zuba mini shayin, ragon Allah."