Zane na Uku

Da kamfanin fata ya kewaye filin bakin Challawa da waya a 1979, ya haɗa har da falalen dutsen unguwar. Ramuka bakwai gare shi kamar an jera ƙore, na tsakiya ya fi zurfi, da zane uku a bangonsa. Ba wanda ya san hannun da ya sassaƙa su. Malam Uwaisu dai ya riƙe abin da kakansa ya gaya masa: ba a shuka sai ruwan sama ya taɓa zane na uku.

Don dutsen nan kaɗai ya nemi aikin gadi a kamfanin. Mutane suka ce kaki ne ya ruɗe shi. Ya bar su da bakinsu.

Bayan shekarar da fari ya cinye gonaki, gero tiya biyu kacal ya rage masa na iri. In ya ƙone a ƙasa, bana ba gona. Ran wata Talata aka sheƙa ruwan farko. Kafin hantsi kowa ya saɓa sungumi, har leburorin da suka tashi aiki.

Uwaisu ya durƙusa gaban ramin, ya tsoma yatsa. Zane na biyu ma da ƙyar.

"Malam, gidan Idrisu har sun ci rabin gona," in ji matarsa Atika da ya koma gida. "Mu dutse za mu ci?"

"Saman ƙasa ne kawai ya jiƙe. Mayar da irin nan rumbu."

Ta mayar, tana ƙunƙuni har maƙwabta na ji. Kwana goma sha takwas ko ɗigo. Tsiron mutane ya leƙo, ya yi ja, ya kwanta. Abin ya yi wa Uwaisu ciwo ƙwarai, don ya san abin da ya rage a rumbun kowa.

Ran sha tara da la'asar hadari ya haɗo. Da aka ɗauke ruwa, zane na uku ya nutse. Ya shuka tiya ɗaya, ɗayar ya raba wa maƙwabta tafi-tafi.

Da damina ta kewayo, manaja ya iso da safe bayan ruwa, ya tarar da layi a ƙofar kamfani. Ya ce a gaya musu ba a ɗaukar ma'aikata.

"Ranka ya daɗe, ba aiki suke nema ba," in ji Uwaisu. Ya juya ga Idrisu, wanda ke kan gaba da sungumi a kafaɗa. "Zane na biyu ne. Ku koma gida."

Suka juya.