Ranar da Wuta ta Dawo Kibiya

"Malam Badamasi, ka cire katawut ɗin mitar nan ka yanke layin wutar tukuna mana," in ji Haliru daga bakin ƙofa.

"Don wace wutar? Rabonmu da ita tun kafin shuka."

Badamasi kafinta ne, katanga ce kawai tsakanin gidansa da na Haliru. Ya mai da zaurensa shago, ya sayo injin goge katako a Rano, yau kuma ya ja waya daga mita zuwa ɗan akwatin da zai raba wa shagon wuta. Soket-soket ya jera su reras a bango, wayar ƙarshe yake ɗaurewa. Ƙafa ba takalmi, hannu ba safa, yadda kowa ke yi a unguwar tunda wuta ta zama labari. Haliru ya gaji da magana, ya tsaya yana kallonsa.

Sai ihun yara ya taso daga bakin kasuwa: "An kawo! An kawo!" Mata suka ɗau guɗa, rediyo ya kama a gidaje. Cikin wannan murnar Badamasi ya ƙame jikin akwatin. Kafin Haliru ya make hannunsa da katako, rai ya yi halinsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a zauren. Wutar kuwa, kamar da gayya, ta ƙi tafiya. Murtala mai shayi ne ya fara zaro caja daga aljihu.

"Allah ya jiƙan Malam," ya ce yana sokawa. "Kai, aikinsa da kyau! Duk suna yi."

Kan ka ce kwabo bango ya cika da wayoyi. Ana cikin addu'a wani ya saki hannu ɗaya ya leƙa tasa. Daga cikin gida ana jiyo kukan Zulaiha, matar mamacin, a nan kuwa ana raɗa, "Idan taka ta cika ka ba ni wuri."

Ƙyamar mutanen nan ta kama Haliru. Ya miƙe, ya tsallake ƙafafu, ya kama katawut ɗin mitar ya fizge, wutar gidan ta ɗauke.

"Haba Malam Haliru, wayata ko rabi ba ta yi ba!" in ji Murtala.

Haliru ya juya musu baya. Ya koma gefen tabarma ya zauna, abin a tafin hannunsa, ɗan ƙarami, da sauran ɗuminsa.