Kujerun Tausa na Ƙarshen Shekara

Akwai halin da ya fi sata ƙazanta a aikin gwamnati: mutum ya banzatar da dukiyar jama'a don kawai kada a ce ta yi saura. Wannan hali ne ya kawo Darakta Abdulganiyyu birnin Dubai a watan Disamba.

Ƙa'idar jiharsu ita ce, duk kuɗin da ma'aikata ba ta kashe ba kafin shekara ta ƙare, a mayar baitulmali, baɗi kuma a rage mata kaso. Shi ke riƙe da sashen asibitocin karkara. Ga ragowar kuɗi a hannu, ga shekara ta zo gangara, shi kuwa ba abin da yake tsoro irin a taɓa masa kaso. Ya sauka wajen ƙaninsa Mijinyawa, mai harkar kago, wato jigilar kaya zuwa gida.

Mijinyawa ya ce, "Yaya, a sayi firjin ajiye rigakafi mana, mai aiki da hasken rana. Sai dai odarsa za ta kai sabuwar shekara."

"Kai ma dai! Wa zai jira? Yalla, maza nuna min abin da za a loda gobe."

A wani sito a Ras Al Khor suka tarar da kujerun tausa na lantarki jibge, an rasa mai saye. Darakta ya ce a haɗa duka.

"Yaya, asibitin da ko wuta babu?"

"Wa ya ce maka kunnawa za a yi? Kuɗin dai ya fita, khalas, shi ke nan."

Ya haye ɗaya don gwaji. Kujera ta kama murza shi, tumbi na rawa, ya lumshe ido. Ya miƙa wa ƙanin waya: "Ɗauke ni bidiyo, mutanena su gani." Da hannunsa ya tura wa abokai. Tir!

Kwantenar kujerun ba ta bar tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali ba bidiyon ya isa majalisar jiha, inda ake ta kai ruwa rana kan giɓin kasafi, ana neman wurin yanka. Wani ɗan majalisa ya ɗaga waya ya ce, sashen da ke sayen tausa ai ya ƙoshi.

Kason baɗi aka zaftare rabinsa. Kujerar Darakta ta ofis aka ba wani. Mijinyawa ya daina ɗaga wayarsa. Kujerun tausar kuwa mai sito ya ce ba ya karɓar kayan da aka saya.