Mabuɗin Kabad ɗin Herr Pawlak

"Ka sake ba ta ruwa," in ji Roswitha. Ta zaro yatsarta daga tukunyar, ta nuna masa taɓon da ya manne. "Wannan shuka ce ko kifi, Herr Pawlak?"

"Ɗan kaɗan ne fa, Frau Kalinowski. Na ga kamar tana jin ƙishi."

"Jiya ma ka ga kamar tana jin ƙishi. Shekaranjiya ka ga kamar tana jin yunwa, ka ɗura mata taki har bakin ganyen ya ƙone."

Egon Pawlak ya ja bargo ya rufe gwiwoyinsa kamar mai laifi. Shekara talatin da ɗaya ƙofofinsu na kallon juna a hawa na uku, a wani tsohon bene a garin Gelsenkirchen na ƙasar Jamus, kuma har yau babu wanda ya taɓa kiran wani da sunan yanka, sai dai Herr da Frau, wato Malam da Malama. Tsohon direban jirgin ƙasa na cikin gari ne, mutumin da ko titi babu kowa sai ya jira koriyar fitila kafin ya tsallaka. Ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba. Sai ga shi tsufa ya zo da gardama: ciwon daji ya kama shi a ciki, abinci ya ƙi shiga, wani a layin asibiti ya ce masa wiwi na buɗe ciki. Likita ta ce za ta iya rubuta masa. Ya ce shi bai taɓa sayen abin da hannunsa zai iya yi ba. Tunda gwamnati ta yarda kowa ya shuka guda uku a gidansa, ya kwance tsohon kabad ɗin kicin ya kafa shi a ɗakin kwanansa, ya liƙe cikinsa da farar takarda, ya rataya fitila da 'yar fanka, ya sa kwaɗo. Cikin mako uku, biyu daga cikin ukun da ya shuka a ciki suka mutu don tsabar kulawa.

Abin duniya ya ishi Roswitha. Ba ta son warin, ba ta son kallon da matar hawa na biyu ke yi mata a matakala. Amma shekara arba'in tana noman tumatir a ɗan lambunta na bayan layin dogo, ba za ta iya tsayawa tana kallo ana kashe tsiro a gabanta ba, ko da na wiwi ne.

"Ba ni mabuɗin."

"Ai doka ta ce a hannun mai shukar zai zauna."

"Dokar ta ce ka nutsar da ita? Miƙo."

Ya miƙo. Ta ɗaura shi a igiyar mabuɗanta, ta gindaya masa sharaɗi: ba buɗewa, ba leƙe, ba taɓawa sai tana nan. Kwana goma shukar ta miƙe, ganye ya yi shar. Shi kuwa mai ita kullum ƙara zubewa yake, miyar dankalin da take kawo masa cokali biyu yake sha ya ture.

Da lokacin fure ya yi, littafinsa ya ce sai a raba mata yini biyu daidai, rabi haske, rabi duhun da ko ƙyallin ashana ba a so. Ya nace shi zai saita agogon da ke kunna fitilar, kuma ya ƙi sa tabarau. Ya saita shi a juye. Fitila ta riƙa kamawa ƙarfe shida na yamma, ta mutu shida na safe. Kafin Roswitha ta yanke shawarar gyarawa mako ya wuce, shukar ta saba, ita kuma ta rantse ba za a sake rikita ta ba. Matsalar ita ce maganin da nas ke ba shi yana kwantar da shi tun biyar. Shuka na farke yana barci, yana farke tana barci. Furen da ya yi wata uku yana jira ya fito, bai gan shi ba.

Ranar Talata da rana ta same shi a gado, an juya masa shi yana fuskantar kabad ɗin.

"Ta yi fure sosai?"

"Ta fara."

"Yaya yake?"

"Fari-fari, tsaye-tsaye, kamar gashin girarka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Buɗe in gani. Minti ɗaya."

"Ƙarfe biyu na rana? Ka kashe biyu, yanzu ta ukun kake nema? Saura mako biyar a yanke. Ka daure yau ka kai shida mana, kamar kowane babba."

"Frau Kalinowski," ya ce a hankali, "ni da ke mun san ba shan ta zan yi ba. Gani kawai."

Ta yi tsaki, ta hau gyara masa matashin kai da ƙarfin da bai kamata ba. Haushi ne ya cika ta, kuma ta san ba shukar take karewa ba. Tsoro take ji. Muddin ana ƙirga mako biyar ɗin nan, to yana nan ke nan har mako biyar, buɗe kabad kuwa yarda ce da maganarsa. Ta ce masa gobe za ta roƙi nas ta jinkirta maganin. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Washegari tana yanka albasa, wajen ƙarfe ɗaya, aka ƙwanƙwasa. Dilek ce, nas ɗin, jakarta a kafaɗa. Da ganin fuskarta Roswitha ta ajiye wuƙar.

Yana kwance yadda ta bar shi, fuskarsa wajen kabad, tabarau a hancinsa. Dilek ta ce ta kira likita, ta kira 'yarsa a Hamburg, sai yamma za ta iso, sannan ta fita matakala da wayarta. Roswitha ta je ta buɗe taga kamar yadda ta ga mahaifiyarta na yi in an yi rasuwa. Ta tsaya hannu a ƙugu.

"Awa biyar," ta ce. "Awa biyar kacal ka kasa jira, Egon. Kai dai kunnen ƙashi gare ka."

Sai a karo na uku mabuɗin ya shiga kwaɗon. Ta wangale ƙofofin biyu, ta matsa gefe don kada ta tare masa. Hasken ranar ƙarfe ɗaya ya faɗa kan shukar, fararen gashin furen suka ɗan motsa da iskar taga. Ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon, su biyu suna fuskantar kabad ɗin, warin yana fita tsakar gida inda wani ya shanya zannuwan gado.