Ɗan Raƙumin Dawa a Kejin Bakin Ƙofa

Tun daga inda ake ajiye motoci Likita, mai kula da lafiyar dabbobin gandu, ta san an yi mata ɓarna. Mutane sun yi cincirindo a kejin farko, na daf da ƙofar shiga, kuma ta saman kawunansu tana hango wuyan raƙumar dawa yana kaiwa yana komowa. Jiya da yamma a can ƙuryar gandu ta bar ta, bayan katangar katako, ita da ɗanta mai kwana uku.

"Wa ya kawo su nan?" ta tambayi shugaban masu kiwo.

Ya sosa ƙeya. "Mai Taya ne, Likita. Da sassafe ya zo ya tsaya a kanmu. Na ce a jira ki, ya ce in gaya masa, shi ya haife ki ko ke kika haife shi."

Mai Taya mahaifinta ne, kuma gandun dabbobin nan nasa ne tun daga ƙofa har bakin rafi. Da tayar mota ya yi arziki. Shekara talatin da suka wuce ya ga wata 'yar barewa a ɗaure a gefen titi, ya saye ta don kawai kukanta ya hana shi wucewa. Daga barewa sai jimina, daga jimina sai kada, har matarsa ta ce ko su ko ita a gidan, shi ne ya nemi fili. Yana son dabbobin nan, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma so irin na ɗan kasuwa yake musu. A shagonsa tayar da ta fi sheƙi ake jerawa a bakin hanya, kuma har ya yi furfura bai ga abin da zai sa mai rai ya bambanta ba.

Sau uku ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Haihuwar fari ce, uwar ba ta gama sabawa da ɗan ba. In aka firgita ta za ta hana shi nono, ko ma ta tattake shi. Mako biyu kacal ta roƙa, ba ido ba hayaniya. Ya ce to, irin to ɗin da yake ce wa mai neman ragi.

Ta kutsa ta isa gaban kejin. Ga ɗan can yana tangaɗi a kan ƙafafunsa. Duk lokacin da ya kai baki ƙarƙashin uwar, sai ta zabura ta bar wurin. Wani ƙato yana ƙwanƙwasa ragar ƙarfen da makullin mota don ta juyo ya ɗauki hoto, ko kunya babu.

Zuciya ta ciwo Likita. Ta ce wa masu gadi su fitar da kowa, a rufe ƙofa. Masu gunaguni suka yi, masu zagi suka yi, ko kallonsu ba ta yi ba. Wuri ya fara yin tsit. Raƙumar ta rage zagaye, ta sauko da kai tana shinshina bayan ɗan. Likita ta ɗauke numfashi. Saura kaɗan ɗan ya kama nono.

Sai ga Mai Taya daga ofis da sandarsa, abokansa biyu na kasuwa a bayansa, waɗanda ya gayyato takanas su ga abin da ba su da shi.

"Wane mara kunya ne ya rufe min ƙofa da rana tsaka?"

"Ni ce, Baba. Don Allah ka rage murya."

"In rage murya? A ganduna? Shekara nawa ina jiran haihuwar nan, sai ki ɓoye min ita kamar kayan sata?"

"Baba, tun safe bai sha nono ba."

"Yunwa za ta sa ya sha! Wace uwa ce ke hana ɗanta nono don an kalle ta? Kun je kun yi karatu kun dawo kuna tsorata mutane."

Ta yi niyyar haɗiyewa, kamar yadda ta saba haɗiye maganarsa tun tana ƙarama. Ta kasa.

"Ba taya ba ne, Baba! Rai gare shi. Ka yi min alkawari, na juya baya ka saɓa, don kawai abokanka su ce ka iya."

Abokan suka kau da kai, kuma wannan ya fi maganar ƙona masa rai. Ya juya ga masu gadi, ya ɗaga sandar ya maka wa ƙyauren kejin iya ƙarfinsa.

"A buɗe ƙofa na ce!"

Ƙarfen ya yi ƙara. Raƙumar ta zabura, ta watsa ƙafa baya, aka ji ɓas, kamar an karya busasshen icce. Ɗan ya zube.

 Da ƙyar masu kiwo suka lallaɓa uwar da ganye zuwa ɗakin baya suka kulle. Likita ta shiga da jakarta ta durƙusa. Ƙashin cinya ne, ya huda fata ya fito. Ba ta buƙaci ta duba sau biyu ba, ta san ba zai ɗoru ba. Kuma ba tausayi ne ya cika ta ba, fushi ne tsagwaronsa.

Mai Taya ya biyo ta, ya bar sandar a ƙasa. Muryarsa ta koma kamar ba tasa ba.

"Auta, za ki iya ɗora shi, ko? Ko me ake buƙata a kawo."

"Zauna ka riƙe masa kai," ta ce.

Ya zauna a cikin ƙasa da fararen kayansa, ya ɗora kan a cinyarsa, yana shafa masa wuya, yana cewa yi haƙuri, yanzu za a gyara. Ta zuƙi maganin da zai hutar da shi har abada a sirinji ta nemi jijiya. Bai tambaye ta allurar mene ce ba, ita ma ba ta gaya masa ba. Ta bar shi yana ta shafawa har ya ji wuyan ya yi nauyi a hannunsa.